Mohammed huɗu, mutum ɗaya

A makon jiya wani dattijo da muke salla masallaci ɗaya a Nima ya zazzage mini takardunsa a kan tabarma. A banki shi Mohammed ne, a takardar aiki Mahama, a katin asibiti Muhammad, a tsohon fasfo kuma Mahamadu. Sau uku wani ofishi yana maido shi, wai kwamfuta ba ta san shi ba. Ya ce da ni, "Ɗana, sau ɗaya aka yanka mini rago, yaya aka yi na zama mutum huɗu?"

Na yi dariya, amma shi ko murmushi bai yi ba.

Tun 2021 ƙasar nan ta kama hanyar ɗaure komai a jikin Ghana Card. A watan Afrilu na shekarar lambar katin ta zama lambar haraji, aka shiga haɗa ta da ta SSNIT, aka sake rajistar layukan waya da ita, daga 1 ga Yuli 2022 kuma bankuna suka koma kanta. Ni ina goyon bayan wannan, kuma ga dalilina.

Rumbunan bayanai na bankuna da ma'aikatu galibi a kan tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970 aka gina su. Ana jera bayanai tebur-tebur: wannan na mutane, wancan na asusu, wancan na biyan kuɗi. Abin da ke haɗa su shi ne mabuɗi, wato lamba ɗaya wadda ba a taɓa ba mutum biyu. Suna bai isa ya zama mabuɗi ba. Je ka Aboabo ka ƙwala kiran Ibrahim Mohammed, ka ga mutum nawa za su waiwayo.

To ina gizo ke saƙar? A tsofaffin rajistoci, waɗanda aka cika tun kafin lambar ta zo. In za a haɗa su da sabon rumbu, sai an gwada suna da suna, ranar haihuwa da ranar haihuwa. Nan ne mu mutanen zango muke faɗuwa. Sunayenmu da Larabci aka raɗa su, akawun da bai san su ba ya rubuta da boko yadda kunnensa ya ji. Fom yana neman sunan dangi, mu kuwa sunan uba muke sawa, shi ya sa uba da ɗa kan fito da sunaye daban. Wani an rubuta masa Alhaji a matsayin sunan yanka. Sa'adatu da Mu'azu, wata manhajar ma ba ta karɓar 'yar alamar da ke tsakiyar sunansu. Dattawan da ba a rubuta haihuwarsu ba kuma aka yi musu ƙiyasi, da yawa suka tashi da rana ɗaya.

A raba mutum ɗaya gida huɗu wahala ce. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne a haɗe mutum biyu su zama ɗaya, bashin wani ya hau kan wani, ko bayanin jinyar wani ya shiga fayil ɗin wani. Wannan ba ya ihu, sai ranar da ya yi ɓarna.

Kada a ce mana laifin kwamfuta ne. Mutum ne ya zana teburin. Ƙara tebur guda na sauran rubuce-rubucen sunan mutum, kowanne a rataye da lambar katinsa, ba aikin da zai gagari injiniya ba ne. Inda suna ya yi kama amma bai zo daidai ba, a miƙa wa ma'aikaci ya duba da ido, ba a rufe asusu kai tsaye ba. In an gyara a hukumar NIA, gyaran ya isa sauran wurare da kansa, a daina sa tsoho yawon takardar rantsuwa ofis-ofis. Kowane canji kuma a ajiye wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ba kowa damar neman a gyara bayaninsa in an yi kuskure, sai dai wa ya gaya wa tsoffinmu?

Mu ma da namu sakacin, wallahi. Ana miƙo mana takarda mu cusa a aljihu ba mu karanta ba. Ina roƙon limamanmu da sarakunan zango: ranar suna, bayan an shafa fatiha, a rubuta sunan jariri da boko a takarda, uba ya riƙe, wannan rubutun kuma shi za a kai wurin rajistar haihuwa, shi za a kai makaranta.

Dattijon nan dai mun zauna mun zaɓi rubutun da ke kan Ghana Card ɗinsa. Ran Litinin jikarsa za ta raka shi su fara da banki.