Motar soja ce, amma birkinta ba soja ba ne

Yau da masu tsofaffin motocin dakon kaya nake, musamman masu sayen gwanjon motocin soja, da bakanikan da ke gyara musu.

Kwanan baya na tsaya a wani gareji a nan Mubi, na tarar an kwance birkin wata tsohuwar Land Rover da ake shiga ƙauyukan kan dutse da ita. Aka aiki yaro ya sayo man birki, ya dawo da wani abu a gorar ruwa, ba suna ba lamba. Da na yi magana sai mai motar ya ce, "Malam, motar soja ce fa, ba ta mutuwa." To, ƙarfe yana daɗewa, wannan gaskiya ne. Amma robar da ke cikin masta da silindar taya roba ce, shekaru suna cin ta kamar yadda suke cin ta kowace mota.

Maganar "mai ai mai ne" ita nake so mu binne. Man birki kala-kala ne, kuma an rubuta a jikin gwangwaninsa. DOT 3 sabo sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuwa 230. Su biyun da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna iya haɗuwa. DOT 5 shi kaɗai ya fita daban, na silikon ne, galibi ruwan shunayya, kuma ba ya gauraya da sauran. Sojan Amurka sun daɗe suna zuba shi a motocinsu, don ba ya shan danshi ko da mota ta shekara a ajiye. Saboda haka wanda ya sayi tsohuwar motar soja, kafin ya ƙara ko cokali ɗaya, ya duba abin da aka rubuta a marfin, ya duba launin man da ke ciki. Ƙara DOT 3 a kan DOT 5 ɓata birki ne da kuɗinka.

Mafi muni su ne masu zuba man inji ko man giya, da masu kaɗa ruwa da sabulu wai "a lallaɓa a kai gida". Man inji yana kumbura robobin birki har su lalace. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsa. Shi kansa DOT 3 ɗin yana jan danshin iska, idan ya sha ya ƙoshi a 140 zai iya tafasa. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, shi ya sa kuma na awo a buɗaɗɗiyar gora ba abin saye ba ne. Mai ya tafasa, ya zama tururi, direba ya taka ya ji fedal ta tafi ƙasa. A ina? A gangara, da lodi, inda aka fi taka birki ya yi zafi. Duk wanda ya san hanyoyinmu na gindin duwatsun Mandara, wajen Sahuda da Gella da Maiha, ya san ba wurin gwaji ba ne.

Za a ce kuɗi. Na sani, kaya sun yi tsada. Amma a lissafa: gwangwanin mai mai hatimi, saitin robobi, tiyo huɗu ko biyar, a kwatanta da kuɗin sa guda da aka ɗauko daga kasuwar shanu. Ballantana ran yaron mota da ke tsalle da waji a hannu, ko matan da ke zaune a saman buhuna.

Motar da ta daɗe a ajiye, gyaranta ba ƙarin mai ba ne. A zubar da tsohon gaba ɗaya. A kwance masta da silindun taya, a canja robobi, wanda tsatsa ta rarake a jefar. A canja tiyon roba ko da bai tsage ba, a bi bututun ƙarfe a duba. A zuba mai iri ɗaya, a yi bilidin taya bayan taya har iska ta fita. Manyan da ke haɗa iska da mai, a riƙa zubar da ruwan tankin iska kullum. Sannan a gwada a fili, babu fasinja.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da ta bakanikai na Mubi: ku hana sayar da man birki na awo a tasha da gareji. Bakaniken da aka matsa wa ya yi aikin rabi, ya ce ba zai yi ba. Mu fasinjoji kuma, in mun ga direba yana famfa birki sau uku kafin mota ta tsaya, mu sauka. Ranar da abu ya faru kowa zai ce ƙaddara ce, alhali an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.