Ina Aka Daka Albarushin Kakanninmu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san lokacin da 'yan bindiga ke shigowa fili. Ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, yara su toshe kunne suna dariya. Maroƙa su wasa sarki, su wasa dokinsa, su jero yaƙoƙin da kakansa ya ci. Mutum ɗaya ne ba ya shiga kirari: wanda ya daka albarushin. Ba a san sunansa ba, ba a san zauren da ya zauna ba, alhali in babu shi, bindiga sanda ce kawai mai nauyi. A kan wannan mutum da wurin aikinsa nake son mu tattauna a wannan mako, musamman mu mutanen Kabi da ke zaune bakin Kwara.

Mu fara da Damagaram, don a can ne labarin ya fi fitowa fili a rubuce. Sarki Tanimu, wanda mulkinsa ya ƙare a 1884, bai tsaya ga sayen bindiga daga fataken Tarabulus ba. Ya sa an narka tagulla an zuba igwa a cikin garinsa, an yi mata amalanke, an kuma riƙa haɗa albarushi a gida. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa 40, abin da ya hana Kano barci shekaru da yawa. Farar wuta kan zo a bayan raƙuma daga hamada, gawayi kuwa da gishirin da ake tacewa daga ƙasa duk na gida ne. A yi tunanin abin da irin wannan aiki ke buƙata: turame, filin shanya, rumbun ajiya nesa da murhu, maƙera, da bayin da ake sa wa aikin da ɗa ba zai yarda ya yi ba, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gida. Yau in ka shiga unguwar Birni, za a nuna maka fada da ragowar ganuwa da murna. Tambayi inda aka yi dakan, sai kallo ya koma sama.

Haka labarin yake a Dikwa. Rabe ya ci Borno a 1893, ya kafa hedikwatarsa a can, da ma'ajiyar makamai da masu gyaran bindiga da masu haɗa albarushi, har ranar 22 ga Afrilu, 1900, da Faransawa suka kashe shi a Kusuri. Gidan nasa yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, amma sai da garin ya faɗa hannun Boko Haram kafin a ƙwato shi a 2015.

To, me ya haɗa wannan da Bagudo tamu ta nan Kabi? Illo ce ta haɗa su. Wanda ya san Illo a yau kawai, da shinkafarta da albasarta, zai yi wuya ya yarda cewa ta taɓa zama ɗaya daga cikin manyan mashigan fataken goro, masu tasowa daga Gwanja su ratsa Bargu, su haye Kwara su nufi Jega da Sakkwato da Kano. Ayari mai jakuna ɗaruruwa ba ya ratsa dajin Bargu hannu rabbana. Madugu na tafe da 'yan baka da 'yan bindiga, su kuwa Bargawa sun yi suna da kibiya mai dafin kwankwani, wadda hatta Turawa suka ji tsoronta. Inda ake dafa wannan dafi, a bayan gari, cikin sirri da tsafi, shi ma ai masana'antar yaƙi ce ta zamaninsa. Daga 1890 kuma, yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burasel ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu, aka bar mu da adaka. Maƙerin da ya iya gyara ƙyastu da kunama, ko ya zuba dalma ta zama harsashi, darajarsa sai ta ƙaru. Sannan yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898 ta zo ta ba Ingila Illo, ta ba Faransa Nikki, aka tsaga ƙasa ɗaya gida biyu: Lolo na kallon Madekali, Tsamiya na kallon Segbana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da maƙwabtanmu suka yi da nasu rabin. Daga 2011 zuwa 2015, masu tonon tarihi ƙarƙashin jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia, tare da malaman Jami'ar Abomey-Calavi, sun yi ta haƙa a ƙasar Dandi ta Benin. A Birnin Lafiya, tsakanin Malanbil da Karimama, suka tono gidajen ƙasa masu daɓen tsingaro, shaidar zaman mutane da ya haura shekara dubu. Sun zauna da tsofaffi, da masaƙa, da marina, da maƙera, suka rubuta abin da aka faɗa musu, littafi ya fito a 2018. Kogi ɗaya ne, Dandawan nan da Kyangawan nan su ne dai, aure ma ana yi tsakani. A namu ɓangaren kuwa, babban tonon da ake ambata a bakin wannan kogi shi ne na gaggawa da aka yi wajen Yelwa kafin ruwan Kainji ya cika a 1968. An kusa shekara sittin ke nan.

Wurin dakan albarushi ba ya barin alama kamar ganuwa. Abin da mai tono zai samu kaɗan ne: ƙonanniyar ƙasa, tarin gawayi, kashin maƙera, gutsuren ƙanƙarar ƙyastu, ƙwayar dalma, wataƙila harsashin wani ɗaki mai kaurin bango da aka gina shi kaɗai nesa da gidaje. Garma ɗaya ta tarakta ta isa ta shafe su. Saboda haka taswirar irin wannan wuri ba ta cikin ƙasa, tana bakin Sarkin Maƙera da Sarkin Baka da tsofaffin maharba, waɗanda kakanninsu suka nuna musu gindin tsamiyar da aka hana yara kunna wuta. Kowace damina muna binne wasu daga cikinsu.

Turawa, da muka koyi raina kufai daga bokonsu, ba su raina nasu ba. A Gretna, kan iyakar Ingila da Sikotilan, an gina masana'antar nakiya a 1915 wadda ta kai tsawon mil tara, ta ɗauki ma'aikata kusan 30,000, dubbai daga cikinsu 'yan mata ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka rushe ta, amma an auna ragowarta, an kafa mata gidan tarihi a Eastriggs, 'yan makaranta na zuwa. A Jamus, garin Stadtallendorf ya tashi ne a kan kangon masana'antun nakiya na zamanin Hitila, inda aka bautar da dubban mutanen da aka kamo. Shekaru da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai da aka kwashe ƙasar unguwanni saboda gubar da ta jiƙe ta. Da ba su san inda kowane gini ya tsaya ba, da ba su san inda za su kwashe ba. Ko a nan gida, gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya ajiye ogbunigwe, nakiyar da Biyafara ta ƙera, kowa na zuwa ya gani.

Na san wani zai ce, malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Lakurawa sun kashe mutane a Mera cikin Nuwamban 2024, sojojin Benin sun yi asarar rayuka masu yawa a dajin W cikin 2025, ana binne bama-bamai a kan hanyoyi, kai kuma kana neman a tono tarihin albarushi? Ba za ka koya wa yara ɓarna ba? Amsata ita ce, sanin wuri daban, sanin haɗi daban. Masu dasa bam a yau ba daga kakanninmu suka gaji sana'ar ba, kuma ba sa jiran malamin jami'a ya koya musu. Hasali ma, wannan rashin tsaro shi ne dalilin gaggawa. Ƙauyen da aka tasa, tsofaffinsa suka watsu a sansanonin gudun hijira, ya tafi da tarihinsa ke nan.

Akwai kuma kufan da ake ginawa yanzu a kan idonmu. Duk sansanin da sojoji suka fatattaka, inda ake haɗa bama-bamai, gobe gona ce, ko makiyaya, ko wurin da 'yan gwangwan za su je neman ƙarfe. Ƙonawa a tafi bai wadatar ba. Mutanen Ikeja ba su manta da 27 ga Janairu, 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta fashe, fiye da mutum 1,000 suka halaka, akasarinsu a cikin ruwan da suka afka wajen gudu. Ya kamata duk wurin da aka kama a auna shi, a ɗauki hotonsa, a share shi, a kafa alama, a kuma ba hakimi da dagaci labari don su gargaɗi talakawansu.

Aikin da nake roƙo a Bagudo ba ya cin biliyoyi. Ɗalibai goma na sashen tarihi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da wayoyin da ke hannunsu, da izinin masarautar Gwandu da rakiyar sarakunan Illo da Kaoje, za su iya zagaya garuruwan da ake iya shiga cikin rani ɗaya, su naɗi muryar maƙera da maharba, su sa alamar kowane wuri a taswira. Haƙa ta jira zaman lafiya da masana daga Zariya. Mai girma Gwamna Nasir Idris, kai malamin makaranta ne kafin ka zama gwamna. A sa wannan aiki a kasafin baɗi, a kuma fara da Illo.