Kafin a kwashi adashe a sai wa yaro kwamfuta

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwanmu masu shaguna, yau maganar kwamfuta za mu yi. Kada wani ya juya shafi ya ce ai wannan zancen ƴan boko ne. Kuɗin da ake sayen injin nan daga lalitarmu suke fitowa, kuma da yawa cikin masu sayar da shi mu ne.

Ga abin da ya jawo maganar. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa, maƙwabciyarmu a rumfa, ɗanta ya gama lise ya shiga koyon zane wajen wani mai buga alluna da katunan biki. Yaron ya ce yana son kwamfuta tasa ta kansa don ya koyi zanen gine-gine da kayan talla. Da kwasar adashe ta zo kanta, ba ta ƙara jari ba, ba ta sai wa kanta ko kallabi ba, ta nufi wani shago. Mai shagon ya ɗauko wata ta tafi-da-gidanka mai ƙyalli, ya nuna mata ɗan tambarin da ke jiki ya ce: "Hajiya, wannan i7 ce, babu ta gaba da ita." Ta ƙirga masa kuɗinsa. Yaro ya kai gida, ya sa manhajar da yake son koyo, abin da masu Faransanci ke kira lojisiyal. Tana buɗewa ta rubuta masa cewa katin zanen injin bai dace da ita ba, ta rufe. Washegari aka koma. Mai shago ya kunna, ga ta tana kamawa, tana nuna fim, tana rubutu. Ya ce: "To Hajiya, ina laifinta?" Kuma gaskiya lafiyarta lau. Raƙumin tafiya Agadas aka je saya aka dawo da jaki, lafiyar jakin kuwa ba ta da amfani ga mai ƙetare Tenere.

Bari mu faɗi abin da yaran nan suke koyo, don uwa ta san inda kuɗinta za su. Akwai zanen da mutum ke yi da hannu, layi bayan layi. Akwai kuma wanda ake ba kwamfuta ƙa'ida ita ta yi. Duk wadda ta taɓa saƙa tabarma ko faifai ta san wannan tun kafin a haifi kwamfuta: biyu sama, ɗaya ƙasa, bayan layi biyar a shigo da jan kaba. Ba a zana tabarmar tukuna, ƙa'idar ce ke haifar da adon. Haka mai ɗinkin hula yake ƙirga zarensa. To a kwamfuta, yaro zai gina rumfa guda ɗaya, sa'an nan ya ce a jera irinta 200, a bar hanya mai faɗin mita 3 bayan kowace rumfa goma. Idan mai aikin ya zo ya ce hanyar ta yi ƙunci, lamba guda zai canza, kasuwar duka ta sake tsari nan take. Da irin wannan ake zana unguwa kafin a aza tubali, ake fitar da adon atamfa kala-kala daga fure ɗaya, ake yin hayaƙi da ruwa da taron jama'a a cikin fina-finai. Sana'a ce, ba wasan yara ba.

Sai dai sauƙin da yaro ya samu, injin ne ke biyansa. Rumfa 200 da kwano da katako da inuwar kowace, duk lissafi ne. Wurare uku ake dubawa. Akwai ƙwaƙwalwar injin, wadda ke yin lissafin ƙa'idar. Akwai ram, wato faɗin teburin da ake baza kayan aiki a kai, ana auna ta da jiga. Akwai katin zane, wanda ke fito da hoton a allo ana juya shi. Mu kuwa a kasuwa abin da muke tallatawa shi ne girman allo, da yawan fina-finan da injin zai iya ɗauka, da batiri. Wannan kamar mai sayen mota ne ya tsaya yabon kujeru bai buɗe inji ba.

Shi ma tambarin i7 ɗin da ake ruɗar mutane da shi yana da bayani. Kamfanin Intel ya shafe shekaru masu yawa yana fitar da i3 da i5 da i7, zubi bayan zubi, a lokacin sunan bai canza ba. Lambar da ke bayan ɗan layin ita ce ke faɗin zubin. Wadda aka rubuta mata i7-2620M zubi na biyu ce, ta 2011. Wadda aka rubuta mata i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, kuma ta fi waccan nesa ba kusa ba, duk da cewa biyar bai kai bakwai ba. Ta maƙwabciyarmu zubi na biyu ce. Da wani ya koya mata duba lamba guda ɗaya, da adashenta bai tafi a haka ba.

Manhajar da yaron ya so sawa sunanta Blender, kuma kyauta ce, halal, ba ta sata ba. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo, suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, wajen sefa miliyan 65 ke nan, suka fanso ta aka sake ta ga kowa. A 2021 aka ƙara mata sashen zane ta hanyar ƙa'ida ɗin nan da muka kwatanta. Kuma kada a raina ta don kyauta ce: wani fim na ƙasar Latbiya mai suna Flow, da ita aka yi shi, ya ci kyautar Oscar a 2025. Manyan kamfanonin fim suna aiki da wata mai suna Houdini ta wani kamfanin Kanada, wadda tun 1996 take, tana da ta koyo kyauta amma ta sana'a sai da kuɗi, kuma ita ma ba ta wasa da ƙaramin inji.

To manhaja kyauta ce, amma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin yana hawa kamar farashin gero a damina. Blender ta 2017 tana tashi a kan tsofaffin injuna da yawa. Ta 2019 ta ɗaga sharaɗin katin zane, injuna irin na 2011 masu katin da aka haɗe cikin ƙwaƙwalwa suka faɗi. A 2021 ta daina aiki da Windows 7. A ƙarshen 2023, da zubi na 4.0 ya fito, aka sake ɗaga sharaɗin katin. Masu ita sun rubuta ƙarara cewa mafi ƙarancin ram jiga 8 ne, wanda suke ba da shawara kuwa 32. Mu kuwa nawa ne cikin injunan da ke kan teburanmu ba su wuce jiga 4 ba?

Yanzu mu juyo kanmu, mu ƴan kasuwa. Mun san hujjar mai shago, domin tamu ce. Kaya a dunƙule suke zuwa daga tashar ruwa, shi ma bai zaɓa ɗaya bayan ɗaya ba, ya biya duwan, ya biya mota, ya biya haya. Zai ce shi kwamfuta yake sayarwa, ba karatun zane ba, kuma ba a tambaye shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma mai sayar da atamfa da ta san turmin nan yana zuba, in amarya ta zo saye, shiru take yi don ba a tambaye ta ba? Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Wani zai ce tsufa ba aibi ba ne. Haka ne. Amma idan uwa ta ce maka ɗanta zane zai yi, kai kuma ka ce mata "babu ta gaba da ita", alhali ko ka san ba haka ba ne ko ba ka san komai a kai ba, to ka sayar da magana ce tare da injin, maganar kuma jabu ce. Cewa "ban sani ba, a zo da yaron ya gwada" ba ta rage wa kowa daraja.

A ganinmu al'adar nan ta in kaya ya fita ba ya dawowa ba ta dace da wannan haja ba. Bokiti ana ganin hudarsa a tsaye. Kwamfuta kuwa sai an ɗora mata aikin da aka saye ta dominsa ake sanin halinta, kunnawa da kashewa cinikin biri a sama ne. Gwajin kuma ba shi da wuya. Blender tana da zubin da ake ɗorawa a kile, a soka a buɗe ba tare da an girka komai a injin mai shago ba. Yaro ya zo da kilensa da wani aiki da ya taɓa yi, a buɗe, a juya, a bar injin yana aiki rabin awa a ji ko fankarsa za ta fara kururuwa. Injin da aka ƙera don ofis mai sanyi a Turai, zafin watan Afrilu na Tawa da ƙurar hunturu ta Damagaram wani jarrabawa ne dabam gare shi. Mai shagon da ya yarda da wannan, ya kuma rubuta lambar ƙwaƙwalwa da yawan ram a kan resi, mun tabbata cikin shekara guda shi ɗalibai za su riƙa nuna wa juna.

Kuma maganar za ta ƙara zafi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'idarta daga zubi na takwas na Intel take farawa. Ofisoshin Turai da ke sauke tsofaffin injunansu, ba sai an yi duba ba an san inda kaso mai yawa zai dosa. Za su zo da araha, masu kyan gani, wasu ko ƙwarzane babu. Ba mu ce kada a sayo ba. Inji na zubi na shida ko na bakwai yana rubuta takardu, yana riƙe lissafin shago, yana ma iya koyon zane in an ƙara masa ram. A dai sayar da kowane da sunan aikin da zai iya.

Su ma yaran muna da magana da su, don ba duk laifin ne na mai shago ba. Yaro ya ga wani a intanet da inji mai fitilu ja da kore, sai ya tasa uwarsa gaba. Wanda bai iya gina kujera ɗaya ba, me zai yi da injin gina birni? Tsofaffin zubin Blender duk suna nan a shafin masu ita, kyauta. Zubi na 3.6 na 2023 yana da sashen ƙa'idar, kuma yana karɓar katunan da 4.0 ta ƙi. Akwai ma wata tsohuwar manhaja mai suna POV-Ray, tun farkon shekarun 1990, wadda rubuta mata bayanin hoto ake yi da kalmomi da lambobi, ba ta neman katin zane ko kaɗan, ƙwaƙwalwar injin kawai take sa wa aiki. Ba ita ake nema a kasuwar aiki ba yau, amma ko injin maƙwabciyarmu zai ɗauke ta, kuma wanda ya koyi tunani da ƙa'ida a kanta bai yi asarar lokaci ba.

Ga wanda ya riga ya iya, yana samun aiki, shawararmu ita ce ta tebur. Ta tafi-da-gidanka katin zanenta a manne yake, in ya tsufa shi ke nan, wasu ma har ram ɗin a manne take. Ta tebur ana buɗe ta a ƙara ram bana, a sa kati baɗi, gwargwadon yadda ciniki ya kama. A kula dai da ƙananan akwatunan ofis ɗin nan sirara, babban kati ba ya shiga cikinsu, wutarsu ma ba ta isarsa. Kuma a sa kuɗin ondilar cikin lissafi tun farko, wato akwatin batirin da ke riƙe injin in kuran ya ɗauke, domin aikin awa shida yana iya tafiya da ƙiftawar fitila ɗaya.

Saura abu guda da ya shafi teloli da masu buga alluna kai tsaye. Dacewa ba tsakanin manhaja da kwamfuta kawai take ba, har da tsakanin zanen da injin da zai fitar da shi. Keken surfani na zamani ba ya karanta hoto, ɗinki yake karantawa, kuma kowane kamfani da irin nasa fayil: na Tajima DST yake ci, na Brother PES. Yaro zai iya kwana uku yana fitar da ado mai kyau na wuyan riga, a kai wa tela, keke ya ce bai san zancen ba. Akwai manhajar kyauta mai suna Inkscape da wani ƙari nata, Ink/Stitch, da ke mai da zane ɗinki a waɗannan nau'o'in, kuma ba ta buƙatar babban inji. Haka aikin da aka ajiye da sabon zubin Blender ba lallai ne ya buɗe daidai a tsohon zubi ba. Don haka in yara biyu za su haɗa aiki, ko tela zai ba da kwangilar ado, a fara zama a tambayi sunan keken da lambar zubin kafin a karɓi kafin-alƙalami.

Ita maƙwabciyar tamu, bayan dattawan layi sun sa baki, mai shagon ya karɓi injinsa ya ba ta wani na zubi na takwas, ta cika masa jikka arba'in a biya biyu. Tsohon yana nan kan teburinsa, an goge shi, tambarin i7 yana ƙyalli. Jiya da muka wuce mun ga wani dattijo da ɗiyarsa suna juya shi.