Idon Rundunar Ruwa Ya Cancanci Yabo

'Yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da aka tayar da zancen jiragen saman yaƙi, sai yabo ya koma kan masu kakkaɓo jiragen abokan gaba. Ni kuwa a ganina, matuƙan sintiri da leƙen asiri su ne suka fara tabbatar wa mayaƙan ruwa cewa jirgin sama ba abin wasa ba ne.

A watan Maris na 1910 Henri Fabre, mutumin Faransa, ya fara tashi da jirgin sama daga kan ruwa. Shekara uku bayan haka, a 1913, wasu hafsoshin Girka biyu suka yi shawagi a kan jiragen yaƙin Turkiyya a mashigin Dardanel, suka komo da labarin inda suke.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana nan Afirka. A watan Satumba na 1914 jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg ya nutsar da wani jirgin Ingila a Zanzibar, sa'an nan ya ɓuya cikin surƙuƙin bakin kogin Rufiji, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Manyan jiragen Ingila suka kasa shiga saboda ruwan ba zurfi. Ƙananan jiragen sama ne suka riƙa gano maɓoyarsa, kuma ran 11 ga Yuli, 1915, su ne suka yi ta gyara wa masu igwa saiti ta wayar iska har aka gama da shi.

Mai musu zai ce ai igwa ce ta yi aikin. Gaskiya ne, amma igwar da ba ta san inda za ta harba ba, albarushi kawai take ɓarnatarwa.

Sai dai fa ganin Dala ba shiga birni ba ne. A yaƙin Jutland na 1916, jirgin sintirin Ingila ya hango jiragen Jamus, ya aika da rahoto, amma jirgin ruwan da ya karɓa ya kasa isar da shi ga kwamanda. Aikin ya tashi a banza.

Wannan ya shafe mu, mu da za mu gāji ofisoshi gobe. Mu girmama mai kawo labari na gaskiya ko da ƙaramin ma'aikaci ne, kuma kada mu bar rahotonsa ya kwana a kan teburinmu.