Haƙƙin Tsohon Soja Bai Kamata Ya Tsaya a Akara Ba

Duk ranar 11 ga Nuwamba manyan ƙasa kan hallara a maƙabartar sojoji da ke Osu a birnin Akara. A busa begila, a yi shiru na minti biyu, a ajiye furanni, 'yan mazan jiya su jera da lambobin yabo a ƙirji. Ranar 28 ga Fabrairu ma a sake taruwa don tuna mutum uku da aka harbe a 1948. Ba mu da ja da wannan karramawa. Abin da ke damun wannan jarida shi ne abin da ke biyo baya idan an naɗe tabarmar biki: me ke isowa hannun tsohon kofur da ke zaune a Savelugu, ko matar marigayi saje a Salaga, ko marayun wani kurtu a Bawku?

Arewa na da bakin yin wannan tambaya, domin da 'ya'yanta aka gina rundunar tun daga tushe. Sojan ƙasar nan ya samo asali ne daga dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya fara tarawa a Ikko, aka kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa wa Gold Coast tata rundunar, aka riƙa zuwa har kasuwar Salaga neman waɗanda za a ɗauka. Da Turawa suka mamaye arewa sai ɗibar ta koma kan Dagomba da Mamprusi da Frafra da Kusasi da Gurunshi da Dagarti, a wasu lokutan ma ta hannun sarakuna, ko yaro na so ko ba ya so. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da oda, kuma taken rundunar kansa da Hausa yake: Kullum Shiri. Sojan da tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a watan Agustan 1914 a ƙasar Togo, sunansa Alhaji Grunshi. Barikin Kamina na Tamale ya samo sunansa ne daga wannan yaƙi. A yaƙin Hitila kuwa mutum wajen 65,000 ne suka sa kaki daga ƙasar nan, suka yi Habasha, suka yi dazukan Bama.

Waɗanda suka dawo da rai sun tarar da alkawuran da aka yi musu sun bi ruwa. Babu aikin yi, kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka ɗauki takardar kokensu suka nufi fadar Gwamna Gerald Creasy, ba makami a hannunsu. A mararrabar Christiansborg wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta ɓarke ita ta kai ga kama Kwame Nkrumah da abokansa biyar, ita ta jawo kwamitin bincike na Watson, kuma shekara tara bayan haka Ghana ta sami 'yanci. Wato rikicin fanshon tsofaffin sojoji na cikin abubuwan da suka haifi ƙasar nan. Duk gwamnatin da ta zo ta gāji wannan bashi, ko ta sani ko ba ta sani ba.

A takarda dai ba a yi wa 'yan mazan jiya rowa ba. A 2012 majalisa ta zartar da doka mai lamba 844 wadda ta kafa hukumar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ya fi sani da VAG, a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, aka ɗora mata kula da jin daɗinsu da na iyalansu. Fanshon soja daga baitulmali yake fitowa, domin dokar fansho ta 2008 ta ware sojoji daga tsarin da sauran ma'aikata ke bi. Wanda ya yi ritaya yana da damar jinya a asibitocin soja. Akwai ƙauyen da aka gina wa gajiyayyu da naƙasassu a Amasaman, a gefen Akara. Sannan akwai abin da kowane ɗan ƙasa ke da shi: inshorar lafiya da aka soma a 2003, wadda ta ɗauke wa mai shekara 70 biyan kuɗin shekara, da tallafin LEAP na 2008 ga tsofaffi marasa mataimaki da marayu da masu larura mai tsanani.

To amma a duba inda abubuwan suke. Babban asibitin soja na 37, wanda aka buɗe tun 1941, yana Akara. Ofisoshin albashi da fayil-fayil suna barikin Burma, a Akara. Asibitin soja na biyu da aka yi ta gini shekara da shekaru yana Afari, kusa da Kumasi. Daga Tamale zuwa Akara ya haura kilomita 600. Mutumin Savelugu ya ɗan fi sauƙi, tafiyar rabin awa ta kai shi Tamale. Na Bawku sai ya fara kaiwa Bolga, a kan hanyar da a 'yan shekarun nan ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba. Na Salaga kuwa, tun da aka raba yankuna a 2019, babban birninsa ya koma Damongo, kuma hanyar da aka saba bi zuwa can sai an ratsa Tamale. Dattijo mai ciwon gwiwa da hawan jini, idan aka ce ya zo Akara a gyara wani kuskure a fayil ɗinsa, zai kwana a mota, ya kwana a gidan wani ɗan'uwa a Nima ko Madina, ya ci kuɗin wata guda a hanya, kuma ba mamaki a ce masa ya dawo wani makon. Da yawa sukan haƙura su bar wa Allah.

Wanda ya san gidajen tsofaffin sojoji ya san akwatin nan na ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai littafin sallama da ya yi ja don tsufa, an naɗe shi a leda, da lambobin yabo biyu ko uku, da hoton saurayi sanye da hula shuɗiya a Lebanon. Sunan da ke cikin littafin sau da yawa ba shi ne na katin Ghana ba. Magatakardan bariki ya rubuta abin da kunnensa ya ji: Mahama a nan, Mohammed a can, Seidu a wannan takarda, Sa'idu a waccan, shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce aka yi da ido. A zamanin Turawa ma sunan ƙabila ko gari ake liƙa wa mutum, ya zama Musa Dagomba ko Ali Bazabarme. Yau da kwamfuta ke tantance mutane, harafi ɗaya ya isa ya tsayar da kuɗin wata shida.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ranar da maigidan ya rasu. Mace ta fita takaba, ta ɗauki akwatin, ta je neman haƙƙinta, sai a ce ta kawo shaidar aure. An ɗaura auren nan a gaban liman da waliyyai, an biya sadaki, an raba goro, unguwa duka ta shaida, ta haifa masa 'ya'ya bakwai. Amma dokar auren Musulmi da muka gāda tun 1907 ta ce a yi wa aure rajista cikin mako ɗaya da ɗaura shi, kuma kowa ya san ba a fi a ƙirga masu yin hakan ba. Ga kuma takardar magaji da soja ya cike ranar da ya shiga aiki yana ɗan shekara ashirin, ya rubuta sunan mahaifinsa ko wansa, bai sake waiwayar ta ba har ya auri mata biyu. Idan aka haɗa wannan da saɓanin da ke tsakanin rabon gado na Musulunci da dokar gado ta 1985, sai a ga kishiyoyi da dangin miji suna jan fayil ɗaya, lauya na cin rabonsa, yara an koro su daga makaranta.

A nan laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Sojan da ke bakin aiki yau, ya je ya sabunta takardar magadansa, ya sa sunan kowace mata da kowane ɗa. Ba neman mutuwa ba ne. Limamanmu da sarakunan zango su mayar da rubuta aure al'ada, su ajiye littafi a masallaci, su taimaka wa ma'aurata su kai shi ga hukuma. Majalisar dokoki kuma ta daina jan ƙafa kan gyaran dokar auren Musulmi, wadda aka daɗe ana maganarta. Kafin nan, rundunar soja na iya karɓar rantsuwar liman da shaidu biyu a matsayin hujja, ta rufe wannan ƙofa ta wahala da umarni guda.

Akwai kuma raunin da ba ya zubar da jini. Tun daga Kwango a 1960 sojojin Ghana ke zuwa aikin kiyaye zaman lafiya: Lebanon, Laberiya a 1990, Saliyo, Sudan ta Kudu, Mali. A Ruwanda a 1994, lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu, dakarun Ghana ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho sun tsaya, sun ceci dubban mutane, sun kuma ga abin da ido bai kamata ya gani ba. A gida ma an tura su Salaga da Bimbilla da Yendi a rikicin 1994, an girke su a Yendi bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a 2002, har gobe kuma suna Bawku. Wasu sun dawo ba sa barci, ƙarar tayar mota ta sa su zabura, wasu sun faɗa shaye-shaye, matansu ne ke shan dukan. A unguwa sai a ce bariki ce ta lalata shi, ko a ce iska ce. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku, Akara da Pantang da Ankaful, duk suna kudu. Muna ganin ya dace a ware wa tsofaffin sojoji rana da likita a asibitin koyarwa na Tamale, a kuma ƙulla yarjejeniya da asibitocin Yendi da Salaga da Savelugu da Bawku su duba su a aika wa Ma'aikatar Tsaro takardar kuɗi. Bai kamata neman maganin hawan jini ya zama tafiyar kwana biyu ba.

Za a ce babu kuɗi. Hukumar VAG kan dogara da sayar da jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba, da hayar kadarorinta, da kuma cacar loto da doka ta ba ta izinin yi. Mu dai a ganinmu bai dace abincin wanda ya ba ƙasa ƙuruciyarsa ya rataya a kan caca ba, balle ga dattijon da ke sahun gaba a masallaci. Kasafin kuɗin ƙasa ne ya kamata ya ɗauki nauyin, a fili, da adadin da kowa zai gani. Kuma mun ga yadda ƙasar nan ke zafin nama idan ta so. Da aka kashe Manjo Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi a 2017, cikin shekarar majalisa ta yi dokar asusun kula da iyalinsa. Da jirgin soja ya faɗi ranar 6 ga Agustan 2025 da mutum takwas, ciki har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya Ibrahim Murtala Mohammed da sojojin sama uku, ba a daɗe ba aka buɗe asusun karatun 'ya'yansu. Daidai ne, Allah Ya jiƙan su. Sai dai kurtun da ya mutu a hatsarin motar sintiri, wanda ba a nuna jana'izarsa a talabijin ba, shi ma ya bar 'ya'ya.

Ingila ma ba ta fita ba. A 2018 ta ware fam miliyan 11.8 don ciyar da tsofaffin sojojin da suka yi mata yaƙi kafin 'yanci da matan da suka bari, a ƙasashen rainonta. An gode, amma ya zo bayan yawancinsu sun kwanta dama. A 2021 sakataren tsaronta ya nemi gafara a majalisa kan yadda aka ƙi rubuta sunayen dubban sojojin Afirka a kaburbura kamar yadda aka yi wa Turawa. Ya kamata ma'aikatar harkokin wajenmu ta tabbatar cewa ragowar matan sojojin da suka yi yaƙin Bama da ke ƙauyukan arewa suna cikin jerin masu karɓa.

Mataki na farko ba ya buƙatar sabuwar doka ko rancen waje. Hukumar VAG da rundunar soja su haɗa tawaga mai ikon sa hannu, da jami'in fansho da na katin Ghana da na inshorar lafiya da ma'aikacin jinya, ta riƙa zagayawa sau biyu a shekara, ta sauka a majalisar gunduma ranar kasuwa. A sanar a rediyo da Dagbanli da Gonja da Kusaal da Mampruli da Hausa, a sanar a masallatai da coci-coci, a nemi albarkar Yoo Naa a Savelugu da Ya-Na a Yendi da Kpembewura a Salaga. Wanda ba ya iya tashi a same shi a gida. A Bawku a zaɓi wurin da kowane ɓangare zai iya zuwa ba tare da fargaba ba. Muna kira ga 'yan majalisar waɗannan mazaɓu huɗu su nemi Ministan Tsaro ya zo zauren majalisa ya faɗi yawan tsofaffin sojoji da matan mamata da ke kowace gunduma a arewa, nawa ne ke karɓar fansho, nawa ne fayil ɗinsu ya maƙale, kuma tun yaushe.