Ba kowane bakin teku ne ya dace da mai tuƙa allo a tsaye ba

Mutum ya miƙe a kan dogon allo, filafili guda a hannu, yana ratsa ruwa a hankali. Wannan wasa ya fito ne daga Waikiki a tsibiran Hawai, ya kuma bazu a duniya a farkon shekarun 2000 ta hannun gwanayen hawan igiyar ruwa irin su Laird Hamilton da Dave Kalama. Yanzu ya iso gaɓar Legas da ta Gana. Koyon tsayuwar ba ya wuya; inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen wurin shiga.

Da yawa hoto suke bi: farin yashi, itatuwan kwakwa, ruwa kwance lumui. Wannan ganganci ne. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne daga ina iska take kaɗawa. Wanda ke tsaye a kan allo, musamman irin wanda ake hura wa iska, tamkar zani ne a kan igiyar shanya, duk inda iska ta nufa can zai bi. In daga teku take zuwa, ko ya gaji za ta maido shi gaɓa. In daga tudu take fita, sai ta lafar da ruwan bakin gaɓa ya yi kyaun gani, alhali tana tura mutum ciki fiye da yadda hannunsa zai iya dawo da shi. A Afirka ta Yamma wannan ba baƙuwar iska ba ce: hunturun da ke busowa daga arewa maso gabas tsakanin Disamba da Fabrairu, in ya kai gaɓa, teku yake nufa. Ga hazo kuma, mai ɓoye mutum daga idon na tudu.

A Legas, Tarkwa Bay ce ta fi dacewa da ɗan koyo. Ganuwar duwatsun da aka jera a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 tana karya ƙarfin igiyar Atlantika kafin ta iso yashi, kuma sai da jirgin ruwa ake zuwa wurin. Amma a gefenta manyan jiragen kaya ke wucewa zuwa Apapa, don haka ba a nisa da gaɓa. Rairayin Lekki da ke fuskantar teku kai tsaye kuwa, igiya na fashewa da ƙarfi a gindin yashi, ga ruwa mai jan mutum ciki. Daga Yuni zuwa Satumba abin ya fi muni.

A Gana akwai Ada Foah, kimanin kilomita 100 gabas da Accra, inda kogin Volta ke haɗuwa da teku. Tsakanin tsibirai ruwan yana da daɗin tuƙi, amma bakin mashigar wani abu ne daban. Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma in ya fara janyewa, ruwan kogi da na teku duk ta wannan ƙofa suke fita a guje.

Wanda ke ganin an cika tsoratarwa ya tuna da Haverfordwest a yankin Wales. Masu tuƙa allo huɗu ne suka rasu bayan ayarinsu ya faɗa wata ƙaramar madatsa a kogin Cleddau ranar 30 ga Oktoban 2021, a lokacin da kogin ya cika da ruwan sama. Masu bincike sun gano ba a auna haɗarin wurin yadda ya kamata ba, kuma a 2025 kotu ta ɗaure wadda ta shirya tafiyar fiye da shekara goma.

Manhajar hasashen yanayi a waya tana da amfani, amma masuntan da ke fita da kwale-kwale tun asuba sun fi ta sanin inda ruwa ke juyawa da inda aka shimfiɗa raga. A gaishe su, a tambaye su. A sa rigar hana nutsewa, a ɗaura igiyar allo, a fara tuƙi ana fuskantar iska domin dawowa ta zo da sauƙi. Hukumar LASWA, mai kula da hanyoyin ruwan jihar Legas, ita ma akwai aiki a gabanta: ta ware wuraren wasa da alamomi masu yawo a kan ruwa, ta kuma wajabta wa masu ba da hayar allo su riƙa sanar da kowane baƙo lokacin janyewar teku da inda iskar ranar ta dosa.