Togo Ba Hanyar Wucewa Kaɗai Ba Ce

Yawancin matafiya daga Nima da Maamobi sun san Togo ne a matsayin ƙasar da ake ratsawa a kan hanyar Kwatano da Legas. A tsallake iyakar Aflao, a shiga Lome, kafin a ankara an fita. A ganina wannan gaggawa asara ce, musamman ga ɗalibin Hausa.

Gaɓar tekun Togo ba ta kai kilomita 60 ba, amma tarihinta na da nauyi. A Agbodrafo akwai gidan da aka riƙa ɓoye bayi kafin a ɗora su a jirgin ruwa. Aneho ita ce hedikwatar Jamusawa har 1897, lokacin da suka mayar da mulki Lome. A ƙarƙashin wannan mulki ne Adam Mischlich ya zauna a Kete-Krachi, ya ɗauki ilimi wajen Alhaji Umaru, ya kuma fitar da ƙamusun Hausa a 1906.

Babban darasi kuwa yana zangon Lome, wanda hukuma ta tayar a 1977 aka koma Agoe. Hausar can tana aro daga Faransanci kamar yadda ta Akara ke aro daga Turanci. Wanda ya saurari su biyun zai gane abin da harshe ke riƙewa a baƙunci da abin da yake saki.

Saboda haka, idan hutun Sallah ya zo, a rage tururuwa zuwa bakin ruwan Labadi. A ware kwana biyu, a ɗauki littafi da alƙalami, a nufi gabas.